Yadda ake gane asalin gajimaren gas masu tsananin gudu

Malam, ka tambayi yadda masana ke sanin inda gajimaren gas na sararin samaniya, masu tsananin gudu a kewayen gungun taurarinmu na Milky Way, suka fito, alhali ba wanda ya taɓa kai musu. Sinadaran cikinsu ne ke tona asirinsu.

Haidurojin da hiliyam sun riga taurari samuwa. Masu nauyi kuwa, irin su oksijin, farar wuta da ƙarfe, a cikin taurari ake ƙera su. Gajimaren da ke ɗauke da su da yawa, to ya taɓa zama a tsakiyar taurari.

Da farko ana auna haidurojin da na'urar rediyo, a zangon santimita 21. Sannan a sa madubin hangen nesa na Hubble, da ke sararin samaniya, ya kalli wani gungun taurari mai haske da ke can bayan gajimaren. Kowane sinadari yana shanye nasa ɓangaren hasken, ya bar baƙin layi a wurin. Zurfin layin ke nuna yawansa, sai a kwatanta da na Rana. An fi dogaro da farar wuta, domin ƙarfe yakan maƙale a ƙura, awonsa ya fito ƙasa da gaskiya.

Dubi Gajimaren Smith, wanda Gail Smith ta gano a 1963. A 2016 Andrew Fox da abokan aikinsa suka samu farar wutarsa ta kai kusan rabin ta Rana. Wannan ya yi yawa ga baƙon gas daga waje, don haka suka ce daga gefen gungunmu na Milky Way aka cillo shi, yanzu yana dawowa. A ganina hujjar tana da ƙarfi sosai. Wani gajimaren mai suna Complex C kuwa, sinadaransa masu nauyi ba su wuce kashi 10 zuwa 30 cikin 100 na Rana ba, alamar akasarinsa baƙo ne.