Shaƙuwar doki da soja a fim ɗin yaƙi

Malam, ka tambaya ko shaƙuwar doki da soja a finafinan yaƙi ta gaske ce, kuma ko dawakan da ke faɗuwa suna jin ciwo.

Shaƙuwar ginata ake yi. Makonni kafin ɗauka ake haɗa jarumi da dokin, ya ba shi ci, ya goge masa jiki, har dokin ya san muryarsa da warinsa. In aka yi ha'inci a nan kyamara ce ke tona asiri: kunnuwan dokin za su kwanta baya, ko su juya wajen mai horonsa da ke laɓe. Kuma sau da yawa ba doki ɗaya ba ne. A fim ɗin War Horse na 2011, dawakai 14 suka fito a matsayin guda.

Faɗuwa kuwa, watanni ake koya masa. Mahayi ya juyo kan dokin da linzami, dokin ya kwanta a wurin da aka tone aka zuba yashi. A da waya ake ɗaura masa a ƙafafun gaba, yana tsakiyar sukuwa ta fizge shi, da yawa suka karye. Wannan zalunci ne, kuma a 1937 Birtaniya ta yi dokar hana nuna fim ɗin da aka azabtar da dabba wajen ɗaukarsa.