Tambaya da Amsa: Wutar hitar 'yan tsakina ta koma ja

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai kiwon kaji ne a Rigasa, tunda hunturun nan ya kankama nake kunna wa 'yan tsaki hitar gas da daddare, tagogin kuma duk na toshe su da leda saboda sanyi. To kwana biyu wutar ta daina yin bulu ta koma ja-ja tana baƙanta kan hitar, gas ba ya auki, ni kuma in na jima a ɗakin sai kaina ya kama sarawa. Ko gas ɗin ne aka yi mana algus?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Don Allah yau ɗin nan ka je ka yaye ledar nan ko da ta sama ce, wallahi ciwon kan ya fi tayar min da hankali a kan gas ɗin da ke ƙarewa.

Kar ka yi saurin ɗora wa mai gas laifi. Wuta ba mai kaɗai take ci ba, da iska take haɗawa, iskar ma oksijin ɗin cikinta take so wanda kashi 21 ne kacal cikin 100, shi ya sa kilo 1 na gas sai ya samu iska wajen kilo 15 kafin ya ƙone tas, ka ga silinda mai kilo 12.5 wajen kilo 190 na iska kenan, ta ina za ta shigo ɗakin da aka liƙe ruf?

In iska ta wadata wutar bulu take, a tsaye, ga zafi. In ta gaza sai gas ya ƙone rabi da rabi, wani ya zama baƙin da kake gani, wani ya zama kabon monoksaid. Wannan ba shi da launi ba shi da wari, kuma yana kama jini fiye da oksijin sama da sau 200. Kai da ke shiga ka fita ma kanka na ciwo, ina ga tsakin da ke kwana a ciki.

Sai ƙurar hunturu, ga dusa ga gashin kaji, su ma suna toshe ramukan shan iska da ke kusa da inda gas ke shiga. Ka kashe hitar, ta huce, ka share ramukan da burushi. In tana da marfin daidaita iska ka buɗe kaɗan-kaɗan har jan ya ɓace ka tsaya nan, don in iskar ta yi yawa wutar za ta dinga huci tana ɗagowa daga kan hitar, tana iya mutuwa gas ya ci gaba da fita. Kuma kar ka sa allura ka buɗa ramin gas, mai za ka ƙara alhali iska ce ta yi kaɗan, in shara ba ta yi ba kai wa mai gyara.

Risho da kaskon gawayi a ɗakin kwana ma haka ne. In ciwon kai ya zo da jiri ko amai ka fita waje nan take, ka wuce asibiti ka gaya musu a ɗakin da ka zauna akwai wuta a kunne.