Tambaya da Amsa: Waƙar mai keken doki da ta taɓa tashe a Paris

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Na ci karo da wani bidiyo a YouTube, wani Bature na rera waƙa da Faransanci, can ƙarshe ya ƙure murya sama kamar maƙogwaronsa zai tsage. An rubuta Le postillon de Lonjumeau a ƙasa. Don Allah meye labarinta? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Abin da kika gani ɗan gutsure ne daga wani wasan opera (wasan kwaikwayo na waƙa) na barkwanci da Adolphe Adam ya tsara wa kiɗa, aka fara nuna shi a gidan Opéra-Comique na Paris ran 13 ga Oktoba 1836. Irin wasan nan ne da za a yi ta magana, sai a tsunduma waƙa, a sake komawa magana.

Labarin kam sai dariya. Chapelou mahayin dokin da ke jan keken matafiya ne a garin Lonjumeau, ranar da aka ɗaura masa aure da Madeleine sai ga wani babban mutum, Marquis de Corcy, mai nema wa gidan operan sarki mawaƙi, ya ji muryar ango ya ce ai wannan ba ta zaman ƙauye ba ce, shi kuwa gogan naki ko sallama bai yi wa amarya ba ya bi shi a daren. Bayan shekara 10 ya zama tauraro, ya sauya suna zuwa Saint-Phar, ita kuma ta ci gadon dukiya ta sauya suna zuwa Madame de Latour. Ya gan ta bai gane ta ba, wai, ya sake aurenta! To a dokarsu mai mata biyu rataya ce hukuncinsa, sai da ta bari idonsa ya raina fata sannan ta ce ai duk ita ɗaya ce.

Waƙar da kika ji ita ce "Mes amis, écoutez l'histoire", wurin da ya ƙure muryar nan sautin D ne na sama a ma'aunin kiɗan Turawa, ya ɗara sautin C ɗin da mawaƙa maza ke tunƙaho da shi. Mawaƙi Theodor Wachtel na Jamus ya yi suna da ita, har bulala yake kaɗawa a kan dandamali tana ƙara, mawaƙi Nicolai Gedda ma da wannan wasan ya fara fitowa a Stockholm ta ƙasar Sweden a 1952.

A ganina muryar nan da ta ɗaga wasan ita ta kwantar da shi, don ba kowane gidan opera ke da mai iya kaiwa can ba, ga shi yayi ya sauya. Yanzu an fi sanin Adam da kiɗan rawar Giselle na 1841. Amma Opéra-Comique sun farfaɗo da wasan a 2019 da mawaƙi Michael Spyres, in kina son ganinsa cikakke wannan za ki nema.