Muna so mu haɗa taron masu rubuta manhaja a Garwa, daga ina za mu fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu bakwai ne a Garwa ta ƙasar Kamaru, wasu ɗalibai, wasu sun fara aiki, dukkanmu muna rubuta manhaja da Python ko JavaScript. Muna so mu haɗa taro na kwana uku, mu gayyato mutum kamar 300 daga Marwa, Gaundare har Njamena. Kuɗi babu, kuma duk aikin sa-kai ne. Mun riga mun zana tambari da fosta. Yaya za mu tsara shi, kuma ta yaya za mu tallata shi har jama'a su zo?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa niyyar nan albarka. Ku ajiye fostar tukuna, ku rage taron. Mutum bakwai masu karatu da aiki ba za su iya riƙe baƙi 300 kwana uku ba, masauki da abinci kaɗai sun isa su durƙusar da ku. Ku yi yini ɗaya, zaure ɗaya, mutum 80 zuwa 100: jawabi shida na minti 25 da safe, bita biyu bayan Azahar, a tashi kafin Magariba. Baƙin nesa ku tsaya a kan masu jawabi biyu ko uku da za ku iya biya wa kuɗin mota da ɗaki. Wanda zai taso daga Njamena ta Kusseri, ku tsara masa tafiyar rana, ya iso kwana ɗaya kafin taro.

Ku ba kanku wata huɗu. Maris da Afrilu ku bar su, zafin Garwa yana haura digiri 40, kuma lokacin ne ruwan madatsar Lagdo yake ja baya, ɗauke wuta ya yawaita. Agusta ruwan sama ne, ɗalibai kuma suna hutu. Nuwamba zuwa farkon Disamba ya fi: damina ta wuce, makarantu sun koma. Ku duba kalandar azumi, don kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11, ku kuma nisanci makon 11 ga Fabrairu da na 20 ga Mayu, lokacin da zauruka da hukumomi suke cikin hidimar biki. Asabar ce ranarku. Juma'a akwai masallaci, Lahadi abokan aikinku Kirista suna coci.

Sai takarda, wadda matasa suka fi mantawa da ita. Dokar Kamaru mai lamba 90/055 ta 19 ga Disamba 1990 ta ce taron jama'a sai an sanar da Sous-préfet, wato shugaban gunduma, aƙalla cikakkun kwana uku kafin ranar. A rubuta sunayen masu shiryawa da adireshinsu, manufar taron, wuri, rana da lokaci, ɗayanku ya sa hannu, a karɓo takardar shaida da ake kira récépissé. Kada ku jira kwana ukun, ku kai da mako biyu, ku riƙe kwafi a bakin ƙofa ranar taro. In a harabar jami'a za ku yi, amincewar shugaban sashe ta zama a rubuce da hatimi. Alkawarin baki ba ya buɗe zaure ranar Asabar, don mai riƙe da makulli umarni yake jira. Ku san shi, ku karɓi lambarsa.

Wuta da intanet su ne za su ɗaga taron ko su kayar da shi, saboda haka a yi lissafi. Laftof ɗaya tana jan wat 45 zuwa 65. Bitar mutum 30 kusan wat 1,800 ke nan. Ku ƙara majigi wat 300, lasifika da kayan sauti kamar 400, fanka shida 450, kun kai wajen 3,000. Janareta mai kVA 5 zai ɗauka, muddin ba a jona masa na'urar sanyaya ɗaki ba, don ita idan za ta tashi tana fizgar wuta ninki-ninki. Ku tanadi lita 20 na mai, a ajiye janaretan nesa da taga saboda ƙara da hayaƙi. Kwana biyu kafin taro ku kashe wutar gari da gangan, ku jona komai, ku ga abin da zai faru. Majigi da rauta, wato na'urar raba intanet, su zauna a kan ƙaramin batir mai riƙe wuta, in ba haka ba duk ɗaukewa ɗaya za ta ci muku minti biyar ana jiran majigi ya sake haske. Akwai kuma ƙaramin abin da yake ɓata rabin sa'a: soket ɗinmu mai baki biyu zagaye ne, laftof ɗin da aka sayo daga Najeriya kuwa cajarta mai baki uku ce. Ku sayi adafta goma. Wayar jonawa ku nemi mai kauri, kada a saƙala ɗaya a bayan ɗaya, nan take yin zafi.

Intanet kuwa, ku shirya kamar babu shi. Ƙaramar rautar aljihu galibi na'ura goma take ɗauka, kuma da zarar an raba kalmar sirri, wayoyi da Windows za su fara sabunta kansu su shanye datar kafin a buɗe taro. Ku sami layi biyu, MTN da Orange, ku gwada su a cikin zauren kansa a irin lokacin da za a yi taron. Ɗaya na masu jawabi ne kaɗai. Duk abin da bita take buƙata, Python, VS Code, Node, ku sauke shi tun a gida. Umarnin pip download yana tara fakitocin Python, wato ƙarin kayan aikin da ake girka masa, a jaka ɗaya, daga baya a girka su ba tare da intanet ba. Ku lura dai a sauke su a kan irin tsarin da mahalarta suke amfani da shi, wanda galibi Windows ne. Ku zuba a filashi biyar, ku sa yammacin Juma'a ya zama na girka manhajoji ga masu bita. Mai jawabi daga Yawunde ko Duwala da ba zai iya zuwa ba, ya naɗi bidiyonsa ya turo, a kira shi a waya don tambayoyi.

Maganar kuɗi ita take raba abokai, don haka a fayyace ta tun ranar farko. Ma'aji ɗaya, lambar Mobile Money ɗaya da aka ware wa taron, ba a fitar da ko sefa 500 sai mutum biyu sun sani, kuma kowane rasiti a ɗauki hotonsa. Wajen masu ɗaukar nauyi, ku roƙi kaya ya fi roƙon kuɗi: wannan ya ba da zaure, wancan ruwan sha, wani data ko buga takardu. Wasiƙa shafi ɗaya da Faransanci, ɗauke da kasafi da abin da za ku yi masa a madadin. Gidauniyar Python Software Foundation ta tallafa wa irin wannan taro a baya, bisa sharaɗin a nema da makonni da dama a gaba, kuma a kasance da rubutacciyar ƙa'idar ladabi. Sunan PyCon mallakinta ne, kada ku buga shi a fosta ba da izini ba. Ƙa'idar ladabin ku rubuta ta ko babu tallafi, ku sa mace ɗaya da namiji ɗaya waɗanda za a kai wa ƙorafi.

Masu jawabi ba sa zuwa don an saki fom na neman masu jawabi. Ku saki fom ɗin wata uku kafin taro, amma ku bi mutane ɗaya-ɗaya: malamin IUT, wato cibiyar fasaha ta jami'ar Gaundare, ɗalibin Polytechnique ta Marwa da ya gina wani abu mai aiki, wanda ya haɗa wa kantin magani manhajar lissafin kaya. Irin wannan na ƙarshen ya fi jawabi goma a kan makomar fasaha amfani. Kowa ya gwada jawabinsa a gabanku mako ɗaya kafin ranar, ku kuma ajiye jawabi ɗaya na ko-ta-kwana. Rubutun da za a haska a allo ya kasance da Faransanci, amma ku sanar tun da safe cewa ana iya tambaya da Hausa ko Fulatanci, za ku ga hannuwan da ba sa tashi sun tashi.

Yanzu sai fosta, bayan rana da zaure sun tabbata a rubuce. A sa rana, wuri, kuɗin shiga da lambar waya da manyan baƙaƙe, hoton ya zama mara nauyi yadda zai buɗe a WhatsApp ko da layi ya yi rauni. Facebook zai kawo muku yabo, amma masu cika kujeru a aji ake samo su. Ku nemi minti biyar a wurin malami, biyu daga cikinku su shiga su yi bayani, ku bar wa shugaban aji saƙon da zai tura a zaurensu na WhatsApp. Ku yi saƙon murya na minti ɗaya da Hausa, Fulatanci da Faransanci, ku kuma nemi shiga shirin matasa a rediyo. Kowane mako ku sanar da mai jawabi ɗaya da abin da zai koyar. Ga 'yan mata, wasiƙar gayyata mai hatimi da lokacin tashi a rubuce tana sauƙaƙa samun izini a gida, kuma in akwai mace cikin masu jawabi, a sa ta a gaba a talla.

Kada ku yi shi kyauta zalla. Rajistar da ba a biya komai ba cika take yi da sunayen da ba za su zo ba, ku dafa abincin mutum 100 ku ga rabi. Sefa 1,000 ga ɗalibi ta isa, ku ware kujeru goma ga wanda ba shi da hali. A tura tunatarwa saura mako ɗaya, saura kwana ɗaya, tare da kwatancen da mai mashin zai gane.

Ranar taro kowa da aikinsa ɗaya, da sunansa a takarda: ƙofa, janareta, majigi, abinci da ruwan alwala, baƙi, sai mai riƙe agogo da kwali mai cewa saura minti biyar. Na bakwai kada a ba shi komai, shi ne mai toshe ɓaraka. Cikin mako guda bayan taro ku fitar da lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita, ku aika wa duk wanda ya taimaka tare da hotuna, ku kuma tambayi mahalarta wa zai shiga kwamitin baɗi.