Amsa: waye Buddy Emmons, kuma wane irin jita yake kaɗawa?

Malam Sani, ka tambaya waye wannan mai baƙar hula ɗin da ka gani yana kaɗa jita a kwance kamar tebur. Ai Buddy Emmons kenan, a jihar Indiana ta Amurka aka haife shi 1937, ya rasu a watan Yuli 2015 yana da shekara 78.

Abin da yake kaɗawa ana ce masa pedal steel, ba a rungume shi kamar jita ta yau da kullum, zama ake yi, hannun hagu na jan wani ɗan ƙarfe sumul a kan wayoyin, ƙafa na taka feda, gwiwa ma tana tura wasu sanduna, shi ya sa kake jin sautin yana lanƙwasa kamar mai kuka, irin wanda muke ji a wakokin kantiri a rediyo tun muna yara bamu san sunan abin ba.

Yana ɗan shekara 18 ya shiga ƙungiyar mawaƙin kantiri Little Jimmy Dickens a birnin Nashville na Amurka, daga baya ya bi Ernest Tubb, sai Ray Price a 1962, su ma mawaƙan kantiri ne. Amma ni inda ya fi burge ni shine ba kiɗan kawai ya tsaya ba, har ƙera abin ya yi, shi da wani makaɗi Shot Jackson suka kafa kamfanin ƙera pedal steel mai suna Sho-Bud, kuma shi ya raba aikin feda ɗaya gida biyu, tsarin da makaɗa ke bi har yau. A 1963 har faifan kiɗan jaz ya fitar wanda ya kaɗa da pedal steel ɗin, nemi shi ka saurara da dare.