Ana ta canza masa tabarau, amma ganin bai daidaita ba

Tambaya: Likita, ɗana ɗan shekara 16 ne. Sau uku aka canza masa tabarau cikin shekara biyu, kuma da dare fitilar mota ɗaya yakan gan ta kamar uku. Yanzu an ce keratokonus ne. Mene ne shi, kuma yana makantarwa?

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, da wuya ya kai ga makanta gaba ɗaya. Amma kuma ba ciwon da ake jira ba ne.

A gaban baƙin ido akwai wani tantani garai-garai da ake kira koniya, kaurinsa kusan rabin milimita. A lafiyayyen ido kumburinsa daidai yake kamar bayan ƙoƙo. A wannan ciwo sai ya yi siriri, ya turo gaba ya yi tsini kamar malafa, haske ya riƙa tarwatsewa. Shi ya sa tabarau ke gazawa: ana auna ido yau, bayan wata shida siffar ta sauya. Yakan soma a shekarun balaga, ya yi ta ci gaba har wajen shekara talatin zuwa arba'in.

Akwai gado a ciki, amma abin da ke hannunki shi ne murzar ido. Yaran da ke fama da ƙaiƙayin ido, musamman da ƙurar hunturu, su ne suka fi murzawa da bayan yatsa, murzar kuma tana ƙara raunana tantanin. A sa masa tsumma mai sanyi minti biyar zuwa goma, likita ya rubuta maganin ɗigawa irin su olopatadine. Kada a sayi mai sitiroyid a kemis. Yana kashe ƙaiƙayi nan take, amma daɗewa a kansa na jawo hawan jinin ido da yanar ido.

Sai a nemi hoton taswirar koniya da awon kaurinta, a maimaita bayan wata uku zuwa shida. Idan tsinin na ƙaruwa, akwai aikin ƙarfafa koniya: a jiƙa ta da ruwan bitamin B2, sannan a haska mata wani haske na musamman, a tsarin asali minti talatin-talatin. Aikin ba ya maido da ganin da ya tafi, tsayar da ciwon yake yi. A tsarin asalin kuma ana son kaurin koniyar ya kai maikuron 400, wato milimita 0.4, don haka mai jinkiri yana iya rasa damar.

Gyaran gani kuwa, ƙaramin gilashi mai tauri da ake ɗorawa a kan ido ya fi tabarau aiki sosai. Dashen koniya sai idan tabo ya rufe tsakiya, ko gilashin ya gaza. Aikin leza na rabuwa da tabarau bai dace da shi ba sam.

In ido ya yi fari farat ɗaya, da zafi da hawaye, tantanin ciki ne ya tsage ruwa ya shiga. A kai shi asibitin ido ranar. A kuma auna ƙannensa.