Wane ne Malaclypse, kuma da gaske akwai littafin nan?

Tambaya: Salam Malam. Ni ɗalibar adabi ce, an ba mu aiki a kan shaguɓe sai na ci karo da sunan wani littafi wai shi Principia Discordia, an ce na wani addinin barkwanci ne a Amurka, wanda ya rubuta kuma wai Malaclypse the Younger. Na duba laburaren makarantarmu babu, na buga sunan mutumin a intanet kowa da abin da yake faɗa. Don Allah akwai littafin ko ƙirƙira ce kawai, kuma shi marubucin waye?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Littafin akwai shi, kuma wallahi tambayar taki ta yi min daɗi don ba ke kaɗai kika taɓa shiga wannan ruɗanin ba, su kansu Amurkawa sun yi shekaru suna gardamar ko akwai shi. A 1975 wasu marubuta biyu, Robert Shea da Robert Anton Wilson, sun fitar da wani dogon labari mai suna Illuminatus! inda suka riƙa tsakuro maganganu daga Principia ɗin, to da yake a lokacin ko ka shiga shagon littattafai ba za ka same shi ba sai masu karatu da yawa suka ɗauka su biyun ne suka ƙago shi don ƙawata labarinsu.

Kafin na shiga batun marubucin bari na faɗi wannan don hankalinki ya kwanta. Abin shaguɓe ne, samari biyu 'yan makaranta suka fara shi suna yi wa tsare-tsaren ƙungiyoyin addini na ƙasarsu ba'a, suka ɗauko Eris daga tatsuniyoyin Girkawa, wadda aka ce ita ce gunkiyar husuma, Romawa kuma suna ce mata Discordia, daga nan sunan ya fito. A tatsuniyar, an yi biki ba a gayyace ta ba sai ta jefa tuffar zinare cikin taro da rubutun "ga wadda ta fi kyau", rigimar da ta biyo baya ita ta kai ga yaƙin Taroy. Ki karanta shi a matsayin abin nazari kamar yadda aka ba ku, ba littafin aƙida ba ne da za a nemi shiriya a ciki.

Malaclypse the Younger sunan aro ne. Mutumin Greg Hill ne, an haife shi 1941 ya rasu 2000. Abokinsa da suka yi aikin tare shi ne Kerry Thornley, wanda a cikin littafin yake kiran kansa Omar Khayyam Ravenhurst, an haife shi 1938 ya rasu 1998. A garin Whittier na jihar Kalifoniya suka taso, kuma su da bakinsu suka ce abin ya faro ne a wani gidan wasan bolin, wasan nan da ake gangara ƙwallo mai nauyi ya kwashe sanduna, a 1958 ko 1959. To kin ga mutanen da ko shekarar farawarsu sun ƙi tsayarwa, ai neman su ta hanyar abin da suka faɗa game da kansu wahala ce. Shi ya sa jita-jita ta yi yawa, wasu suka ce Alan Watts ne, wasu Timothy Leary, har da masu cewa shugaba Nixon, wanda shi ma a Whittier ɗin ya girma.

Ni abin da nake gaya wa duk mai irin wannan binciken, ki bar bin suna ki bi takarda. Wa ya buga, a wane gari, wace shekara, kwafi nawa. Suna ana iya aro, amma maɗaba'a tana da adireshi.

In kika bi haka ga abin da za ki gani. Bugun farko an yi shi 1965 a birnin New Orleans, kwafi biyar kacal, da injin fotokwafi, kuma labarin da su suka bayar shi ne injin na ofishin Jim Garrison ne, babban mai gabatar da ƙara na birnin, wata da suka sani tana aikin taifin a can ita ta buga musu a ɓoye. A nan ne labarin yake ba ni tausayi gaskiya. Thornley ya yi aikin soja a 1959 tare da Lee Harvey Oswald, mutumin da daga baya aka zarga da kashe shugaba Kennedy, har ya rubuta labari a kansa tun kafin a harbe shugaba Kennedy a Dallas ranar 22 ga Nuwamba 1963, saboda haka ya ba da shaida gaban kwamitin Warren mai binciken kisan a 1964, sai kuma shi wannan Garrison ɗin ya zo ya tuhume shi da rantsuwar ƙarya a 1968. Daga baya an janye tuhumar amma mutumin bai sake samun natsuwa ba, ya ƙare rayuwarsa a Atlanta yana zargin ana bibiyarsa. Kuma dalilin wannan binciken ne shafukan bugun farko suka shiga cikin takardun kisan Kennedy da ke Ma'ajiyar Tarihi ta Amurka, can masu nema suka je suka tono su, wato ɗan littafin wasa ya tsira ne a cikin fayil ɗin kisan shugaban ƙasa.

Wanda yawancin mutane suka sani shi ne bugu na huɗu, na Rip Off Press a San Francisco, 1970. Shi kamfanin Loompanics suka sake bugawa a 1979 da bango ruwan ɗorawa da gabatarwar Wilson, sai IllumiNet Press 1991 da gabatarwar Thornley, sai Steve Jackson Games 1994 da baƙin bango. In kin buɗe za ki ga bai yi kama da littafi ba, wani shafin rubutun tafireta ne, wani zane da hannu, ga hotunan da aka yanko aka manna, ga tambarin roba an dangwala ta ko'ina irin na ofis, lambar shafi ma sai an jera sifili a gaba, 00001, 00002, kamar rasit. Kuma sun rubuta a jiki cewa ba su riƙe haƙƙin mallaka ba, kowa ya sake buga abin da ya ga dama, wannan ne ya sa ya yaɗu kuma shi ne ya sa kwafin suka bambanta, wani ya ƙara wani ya rage.

Shi Hill ya fi abokinsa ɓuya nesa ba kusa ba. Bai nemi suna ba, ya yi zamansa yana aikin kwamfuta a banki a Kalifoniya, amma Allah ya yi shi mai adana takarda, wasiƙu da daftari da komai yana ajiyewa. Bayan rasuwarsa wani tsohon abokinsu ya ceci akwatunan, daga baya suka isa hannun wani marubuci Adam Gorightly, wanda dama ya rubuta tarihin Thornley a 2003, sai ya fitar da Historia Discordia a 2014, a ciki har da cikakken bugun farkon nan na 1965. In kina son hujja kan waye Malaclypse, nan za ki je.

Don aikinki, ki shiga Internet Archive, ma'ajiyar littattafai ta intanet, ki buga sunan littafin, ba sunan marubucin ba, ki zaɓi wanda aka ɗauki hoton shafukansa, kar ki ɗauki wanda wani ya sake taifin don zanen da tamburan rabin saƙon ne. Sai ki duba WorldCat, kundin intanet na littattafan da ke laburarorin duniya, ki tabbatar da maɗaba'a da shekarar kwafin da kika samu. Wurin rubuta madogara ki sa Malaclypse the Younger yadda yake a bango, ki biyo da sunan Greg Hill a gefe, ki faɗi bugun da kika yi amfani da shi, don gabatarwar 1979 daban take da ta 1991 kuma malaminku zai iya tambaya.